Zan Bi Tawagar Yawon Buɗe Ido Zuwa Turkiyya, Ko Zan Iya Haɗo Kayan Ɗakin 'Yata a Tafiyar?

Tambaya daga wata Hajiya a Ƙofar Kaura, Katsina: Assalamu alaikum Malam. Wani kamfani ne ya yi mana tallar tafiya Istanbul ta sati ɗaya, da jirgi da masauki da mai zagayawa da mu, suka ce har kasuwa za a kai mu. Ni kuma bikin 'yata ya matso, shi ne nake son in je da ƙanena mu ga gari, in kuma haɗo mata kayan ɗaki daga can. Don Allah zai yiwu ko asarar kuɗi zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin lafiya. Zai yiwu ƙwarai, amma fa ba a yadda suka tsara maki ba, sai kin sa baki an gyara jadawalin tun kafin ki biya ko sisi.

Kin ga kasuwar da mai zagayawa yake kai mutane daban, kasuwar da mai haɗa kayan ɗaki take buƙata daban. A irin wannan tafiya abin da aka saba shi ne bas ta tsaya da ku a wani katon shago na kafet ko na rigunan fata ko na alawa, a zaunar da ku a kawo shayi a 'yan ƙananan kofuna, a yi ta warware kafet ɗaya kan ɗaya a gabanku har ki ji nauyin tashi hannu biyu. Ba cewa nake kayan jabu ba ne, wasu ma masu kyau ne sosai, amma sau da yawa wanda ya kawo ku yana da la'adarsa a cikin cinikin, kuma a kan farashinki aka ɗora ta. Ni ban ga laifin mutum ya ci guminsa ba, abin da ba na so shi ne a ɓoye maki, ki dawo Katsina kina zaton kin yi arha. In an kai ku ki sha shayinki ki kalla ki yi godiya, babu wanda zai tilasta ki saya.

Babbar kasuwar nan mai rufi da za su kai ku, wadda Turkawa ke kira Kapali Carshi, lallai ki shiga ko don ganin ido, tun zamanin Sarki Muhammadu Fatih aka kafa ta bayan ya ci birnin a 1453, shaguna kusan 4,000 ne a ciki. Amma galibi farashin baƙi ake yi, kuma ranar Lahadi a rufe take, to in kin ga sun rubuta ranar sayayya ta faɗo Lahadi ki san wanda ya tsara abin bai damu da ku ba. Inda aikinki yake shi ne bayanta. In kin fita kika gangara titin Mahmut Pasha kina nufin bakin ruwa wajen Eminonu, nan ne su kansu matan garin suke zuwa haɗa wa 'ya'yansu kayan aure, zannuwan gado da barguna da tawul da kayan barci da leshin tebur, can ƙasa kuma wajen Tahtakale tukwane da kofuna da tarkacen kicin. Abaya da gyale da dogayen riguna ki nufi unguwar Fatih. Laleli da Merter da kike jin 'yan kasuwarmu na ambata wuraren sari ne, yawancinsu ba sa sayar da riga ɗaya sai jeri na girma daban-daban, in ba shago za ki buɗe ba kar ki ɓata ranarki a can.

Saboda haka ki ce da kamfanin a rubuce kina son kwana biyu cikakku da babu bas babu mai zagayawa da ku a gaba, kuma kar su zama kwanakin ƙarshe, don duk wanda ya bar sayayya sai jajibirin tashi sayen dole yake yi. Ki tambaya a wace unguwa otal ɗin yake. In Laleli ne ko Aksaray ko Sultanahmet kin huta, akwai jirgin ƙasa na kan titi, layin T1, da ke ratsa su duka har Eminonu, kati ɗaya ake saye a riƙa zuba mishi kuɗi. In kuwa sun ajiye ku can bayan gari don otal ya yi masu sauƙi, cunkoson Istanbul kaɗai ya isa ya cinye maku rabin yini.

Akwai abin da nake roƙon iyaye mata su yi kafin su bar gida kuma wallahi da yawa ba sa yi, awo. Ki sa a je gidan da amarya za ta tare a auna tagogi, faɗi da tsawo daga sandar labule har ƙasa, a auna falon, a auna katifa, duk a santimita don su ba sa aiki da ƙafa. Gadon mutum biyu a can yawanci 160 ne faɗi 200 tsawo, namu na shida da shida kuwa ya haura 180 a faɗi, sai ki ga an sayo zanin gado mai roba mai tsada an zo ya ƙi shiga katifar. Kayan wuta kuma ƙarfin wutarsu ya dace da tamu amma bakin fulogin biyu ne zagayayyu, sai da adafta. Atamfa da shadda da leshin ɗinki kar ma ki neme su, ba ƙasarsu ba ce, Kantin Kwari ko babbar kasuwarmu ta nan sun fi maki. Zinari ki riƙa tambayar karat, ana sayar da 14 sosai a can, mu kuma matanmu 21 da 22 suka saba, ranar da buƙata ta taso aka kai shi wajen maƙeran zinari a nan ne za ki ga bambancin.

Maganar ɗauko kaya, ki duba tikitinki da kanki ki ga kilo nawa aka ba ki, yawanci akwati biyu ne kowanne kilo 23, kuma labule da kafet nauyi gare su ba kaɗan ba. Abin da ya wuce nan ki ba masu kago, wato masu jigilar kaya zuwa Najeriya, suna nan birjik a Laleli da Aksaray. A auna a gabanki, a ba ki rasit, ki tambaya ko kuɗin ya haɗa da na kwastam, kuma a Kano za ki karɓa ko Legas. Tunda ranar biki ba ta jira, ki bar tazara mai yawa tsakanin tafiyar da ranar jere, kaya kan makara.

Kuɗi kuwa naira ba ta canzuwa a can, dala za ki riƙe ki dinga canzawa zuwa lira kaɗan-kaɗan a cikin gari ba a filin jirgi ba. In abin da ke hannunki ya haura dala 10,000 doka ta ce ki bayyana wa kwastam a filin jirginmu, ki bayyana ɗin, kar wani ya ce ki cusa a ƙugu. Ki raba kuɗin tsakaninki da ƙanen naki, cikin cunkoso akwai masu yankan aljihu.

Shi kansa kamfanin, ki je ofishinsu da ƙafarki, ki ga takardar rajistarsu, ki biya ta asusun kamfani ba na wani yaro ba. Biza ofishin jakadancin Turkiyya ne ke bayarwa ko ya hana, duk wanda ya rantse maki cewa tabbas ne ki ja da baya, ki sa su rubuta nawa za su maido maki in ba ta fito ba. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida, ki kuma riƙe katin rigakafin shawara. Ki tambaya ko kuɗin shiga wuraren tarihi na cikin abin da kika biya, da kuma yaren da mai zagayawar zai yi, in Turanci ne to a samu mai fassara maku.

Amma Hajiya don Allah kar kasuwa ta hana ki ganin garin, abin zai yi mani ciwo. Ki yi salla a Aya Sofiya, da coci ce, ta zama masallaci, ta koma gidan tarihi, aka sake maida ta masallaci a 2020, ga masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida suna kallon juna. A fadar Topkapi akwai ɗakin da aka adana kayan da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW) da takubban sahabbai, ana ta karatun Alƙur'ani a ciki, sai dai ranar Talata ba sa buɗewa. Sannan unguwar Eyub, inda kabarin Abu Ayyubal Ansari yake, sahabin da Annabi ya sauka a gidansa da ya isa Madina, wasu kamfanonin ba sa saka ta a jadawali, ki ce su saka. In tafiyar ta kama tsakanin Disamba da Fabrairu ki tafi da rigar sanyi mai kauri da safa da takalmi rufaffe, sanyinsu da ruwa yake zuwa wani lokacin har ƙanƙara, ya fi hunturunmu nesa ba kusa ba.