Mun fasa wani ƙarfe mai alamar haɗari, hoton ƙirji zai nuna ko ya shiga jikina?

Tambaya: Salam likita. Ni ɗan gwangwan ne a Gusau, shekaranjiya cikin kayan da anka kawo muna akwai wani ƙarfe mai nauyin tsiya, da alama baƙa mai kunne ukku kamar fanka a kan ruwan ɗorawa, munka buga mishi guduma har ya tsage. Wani ya ce radiyeshin ne. In na yi hoton ƙirji zai nuna?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Hoto ba zai nuna maka komai ba, kar ka ɓata kuɗinka. Shi hoto radiyeshin ne, wato wani haske da ido ba ya gani, ake harba maka daga waje, nan kuwa in ka shaƙi ƙurar ko ka ci abinci da hannun, to jikinka ne da kansa ke fitar da hasken, wata na'ura ce daban ke auna shi, aikinta ta saurara kawai. Kwantar da mutum ake yi ko a zaunar da shi cikin wani ɗaki mai kaurin bango na ƙarfe ko dalma don kar na waje ya shiga lissafi, na'urar ta ƙirga, ta faɗi wane sinadari ne kuma nawa ne. Har lafiyayye ma sai ta ji wani abu, don kowa na da wani sinadari mai fitar da hasken, fotasiyam 40, a tsokarsa wajen bekarel 4,000 (bekarel shi ne ma'aunin yawansa), wannan ba ciwo ba ne.

Amma ba duka sinadarai masu radiyeshin take ji ba. Siziyam 137 tana kama shi, aidin 131 kuwa a maƙogwaro yake taruwa sai a ɗora na'urar a wuya, wasu kuma haskensu ko fata ba ya ƙetarewa, su sai a fitsarin awa 24 da bayan gida. A ɗebi jini ma a duba fararen ƙwayoyi.

Abin da ya tada min hankali shi ne gudumar nan. A 1987 a garin Goyaniya na Barazil 'yan gwangwan ne suka fasa irinsa, hodar siziyam 137 da ke ciki tana sheƙi shuɗi da dare suka yi ta rabawa 'yan'uwa, sai da aka auna mutum wajen 112,000, aka samu 249 da siziyam ɗin a jikinsu, 4 suka mutu. Siziyam yana da magani, wata shuɗiyar ƙwaya mai jan shi ta hanji, kuma da wuri ta fi aiki.

Kar kowa ya ƙara zuwa kusa da ƙarfen, kar a sayar, kar a jefa a rafi. Kayan da ka sa ranar ƙulle su a leda, ka yi wanka da sabulu ban da dirza, ku tafi asibiti yau duk ku da kuka taɓa, ku ce a sanar da NNRA, hukumar kula da harkar radiyeshin ta Najeriya. In akwai wanda ya yi amai a ranar, shi za a fara gani.