Amsa kan singulariti: daga raba 1 da sifili zuwa baƙin rami da batun AI

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na ga tambayarka tun ɗazu. Ka ce ka ji ana maganar singulariti a wani bidiyo kan baƙin rami na sararin samaniya, sai kuma ga masu harkar AI, wato basirar na'ura, suna cewa singulariti na nan tafe nan da 'yan shekaru, shin abu ɗaya suke nufi? Da rubutu abin zai yi yawa, shi ya sa na ce bari in yi murya. Ku yi haƙuri, za ta ɗan ja.

Ba abu ɗaya ba ne, amma duk daga lissafi suka fito, don haka can za mu fara.

Ɗauki wayarka ka buɗe kalkuleta. Raba 1 da 0.1, zai ba ka 10. Raba 1 da 0.001, zai ba ka 1,000. Raba shi da 0.000001, ga miliyan guda. Kana matsawa kusa da sifili, amsa tana ta hawa, ba ta da wurin tsayawa. Idan kuma ka taho ta ɓangaren lambobin da ke ƙasa da sifili, amsar ƙasa take ta nitsewa. To yanzu raba 1 da sifilin kansa. Kalkuleta zai ce maka ba ta yiwuwa. Wannan wurin, inda ƙa'ida ke aiki lafiya lau ta hagu da ta dama amma a kansa ta ƙi ba da amsa, shi ne singulariti a wajen masana lissafi.

Sai dai iri-iri ne, kuma nan nake so ka riƙe da kyau, don za mu buƙace shi a gaba. Akwai wanda laifin taswirarmu ne kawai. Dubi taswirar duniya, layukan da ke gangarowa daga arewa zuwa kudu duk sun haɗu a ƙuryar arewa. Wanda ya tsaya a can ba zai iya cewa ga layin da yake kai ba, kuma duk inda ya fuskanta kudu ne. Amma ƙasa ba ta huje a wurin ba, ƙanƙara ce irin ta gefenta. Ka sake yadda ka ja layuka, matsala ta kau. Akwai kuma na gaske, wanda ko yaya ka juya taswira yana nan daram. Gane wanne ne wanne ba ƙaramin aiki ba ne. A 2000 cibiyar lissafi ta Clay da ke Amurka ta sa ladan dala miliyan 1 a kan wata tambaya irin wannan: shin ƙa'idojin Navier da Stokes, waɗanda ke bayanin yadda ruwa da iska ke gudana, suna iya kaiwa inda amsarsu za ta tashi babu iyaka, ko kuwa kullum lafiya suke tafiya?

To mu koma baƙin rami. A 1915 Einstein ya kammala nazariyarsa, wadda ta ce jan da nauyi ke yi lanƙwasar sarari da lokaci ne. Wani Bajamushe, Karl Schwarzschild, yana aikin soja a fagen daga ta ɓangaren Rasha lokacin yaƙin duniya na farko, a can ya warware lissafin ga abu mai nauyi mai siffar ƙwallo. An buga aikin a 1916, a watan Mayu na shekarar ya rasu. Amsar da ya samu tana lalacewa a wuri biyu. Ɗaya a tsakiya cak. Ɗayan a wata tazara daga tsakiyar, wadda nauyin abin ke yanke ta. Ga rana tamu tazarar kusan kilomita 3 ce. Ga duniyar nan kusan milimita 9. Wato da za a matse duniya dukanta ta koma ƙwallon da faɗinsa bai kai santimita 2 ba, da ta zama baƙin rami.

An shafe shekaru masana na rikita waɗannan biyun. Einstein da kansa ya yi rubutu a 1939 yana ganin irin wannan abu ba zai samu a zahiri ba. A shekarar kuwa Oppenheimer da ɗalibinsa Snyder suka nuna cewa babban tauraro idan makamashinsa ya ƙare zai iya rushewa cikin kansa har ya wuce wannan tazarar. Georges Lemaître tun 1933 ya gano cewa na wajen, wato wanda ke a wannan tazarar, irin na ƙuryar arewa ne, laifin taswira, sannan David Finkelstein a 1958 ya fayyace abin da wurin yake: iyaka ce da ake shiga ba a fita, ko haske ba ya dawowa. Wanda ya faɗa cikin babban baƙin rami ba zai ji ya bugi komai a wannan iyakar ba, wucewa kawai zai yi.

Na tsakiyar shi ne mai wuyar sha'ani. Wasu sun yi zaton ya fito ne don an ɗauka tauraron ƙwallo ne cif-cif, alhali tauraron gaske yana da karkata nan da can, wataƙila kayan cikinsa su kuskure juna su sake watsewa. Roger Penrose ya kashe wannan zato a 1965. Ya tabbatar da cewa da zarar rushewar ta kai matakin da ko hasken da aka haska waje ciki yake komawa, to singulariti ya zama dole, ko da wace siffa tauraron yake. Da wannan aikin ya samu rabin kyautar Nobel ta 2020. Ɗaya rabin ya tafi ga Reinhard Genzel da Andrea Ghez, da suka bi zagayen taurari a tsakiyar tarin taurarinmu suka nuna akwai abu a wurin mai nauyin rana kusan miliyan 4. Stephen Hawking kuma ya juya hujjar Penrose baya, zuwa farkon sararin samaniya, kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce.

Amma ka lura da abin da hujjar ta ce. Cewa ta yi akwai hanyoyin haske da ke yankewa, lissafin Einstein ba ya iya ci gaba da su. Ba ta siffanta abin da ke wurin ba. Shi ya sa idan na ji mai bidiyo yana cewa wani ɗigo ne mai nauyi marar iyaka, kamar ya je ya gani, sai in ce ya ɗan yi azarɓaɓi. Yawancin masana fiziks suna ɗaukar abin a matsayin alamar cewa nazariyar Einstein ta kai iyakar inda take aiki, ana buƙatar wadda za ta haɗa ta da fiziks na ƙananan ƙwayoyi, wato kwantam. Hoton nan ma da ya zagaya duniya a Afrilun 2019, na baƙin ramin da ke tsakiyar tarin taurari mai suna M87, zoben iskar gas mai zafi ne da inuwar da ke tsakiyarsa. Singulariti ba ya cikin hoton.

Yanzu na masu fasaha. A 1958 masanin lissafi Stanislaw Ulam ya ba da labarin wata hira da ya yi da takwaransa John von Neumann, kan yadda ci gaban fasaha ke ƙara sauri kamar ana tunkarar wani wuri da rayuwar ɗan Adam yadda muka san ta ba za ta ci gaba ba. A 1965 I. J. Good, wanda ya yi aikin fasa saƙonnin sirri tare da Alan Turing lokacin yaƙin duniya na biyu, ya kawo hujjar da har yau ake maimaitawa: idan na'ura ta fi mutum basira, to za ta fi shi iya ƙera na'ura, sabuwar ta ƙera wadda ta fi ta, haka dai. Vernor Vinge ya yaɗa sunan a 1993, ya ce cikin shekara 30 za a iya samar da basirar da ta fi ta mutum. Ray Kurzweil a littafinsa na 2005 ya sa shekara, 2045.

Ka ga bambancin? Na Penrose hujja ce ta lissafi, idan sharuɗɗa suka cika sakamako ya tabbata. Wannan kuwa hasashe ne. Kuma akwai wani abu da masu talla ke tsallakewa. Suna yawan kafa hujja da abin da Gordon Moore ya lura da shi, cewa adadin taransistoci, wato 'yan ƙananan makunnan lantarki da ke yin lissafi, a guntun kwamfuta yana ninkawa kusan duk shekara 2. To ninkawa duk shekara 2, ko shekara dubu aka yi ana yi, lamba ce za ta fito. Ƙatuwa dai, amma lamba ce, babu ranar da za ta zama marar iyaka. Kafin a samu singulariti irin na kalkuleta, sai lokacin ninkawar shi ma ya riƙa raguwa: shekara 2, sai shekara 1, sai wata 6, sai wata 3. Ka tara waɗannan duka har abada, ba su wuce shekara 4 ba. Hujjar Good ke nan idan aka mayar da ita lissafi, kuma duk gardamar a nan take. Shin kowace sabuwar na'ura za ta gajarta mataki na gaba, ko kuwa kowane mataki ya fi na baya wuya? Kamar makirfo ne da aka kai kusa da lasifika. Ƙara tana komawa ciki tana ƙaruwa nan take, amma a wani wuri take tsayawa, don ƙarfin injin yana da iyaka. Na'ura komai basirarta tana buƙatar wutar lantarki, da masana'antar ƙera guntaye da ake shekaru ana ginawa, da gwaje-gwajen da dole a jira sakamakonsu.

An taɓa yin irin wannan lissafin ga yawan mutane. A 1960 Heinz von Foerster da abokan aikinsa suka buga nazari a mujallar Science. Sun bi alƙaluman ƙarnonin baya, lissafin ya dace da su sosai, kuma ya nuna adadin mutanen duniya zai zama marar iyaka ranar Juma'a 13 ga Nuwamban 2026. Me ya faru? A cikin shekarun 1960 ɗin saurin ƙaruwar ya kai ƙololuwa, wajen kashi 2 cikin 100 a shekara, daga nan ya soma sauka, yanzu bai kai kashi 1 ba. Mun kai biliyan 8 a Nuwamban 2022. Haihuwa ta ragu a ƙasashe da yawa, abin da lissafin bai sa a ciki ba.

Ba ina cewa AI wasa ba ne fa. Yana iya sauya ayyuka da karatu da yaƙi sosai ba tare da wani abu ya zama marar iyaka ba, kuma ni wannan ya fi damuna a kan shekarar 2045. Akwai masana na ƙwarai da ke ganin hujjar Good tana da ƙarfi, akwai kuma na ƙwarai da ke ganin wutar lantarki da masana'antu za su taka wa abin birki, ni dai a yanzu na fi karkata ga na biyun. Wanda ke da ja a guruf ɗin nan ya turo tasa muryar, zan saurara da daddare in sha Allahu.