Yaya Zan Mayar da Tatsuniya Littafin Kirista Ba Tare da Ta Koma Wa'azi Ba?

Tambaya: Ni Kirista ce, ina zaune a Zariya. Ina jin daɗin littattafan nan na Turanci da ake ɗauko tsohuwar tatsuniyar Turawa a sake rubuta ta da bangaskiyar Kirista a ciki, kuma ina so in rubuta irinsu da Hausa. Abu biyu ne suka tsaya mini. Wasu a cocinmu sun ce saka sihiri da dodanni a labari ba aikin mai bi ba ne. Sannan duk abin da na rubuta, kafin in kai tsakiya sai ya koma wa'azi, har ni kaina in gaji da shi. Ta ina zan kama?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Matsalarki ta biyu ce babba, amma bari mu fara sauke ta farko domin ki rubuta da kwanciyar rai.

Ƙagaggen labari ba baƙo ba ne a Littafi Mai Tsarki. A Littafin Mahukunta sura 9, Yotam ya tsaya a kan Dutsen Gerizim ya ba mutanen Shekem labarin itatuwa da suka fita neman sarki: zaitun ya ƙi, ɓaure ya ƙi, kurangar inabi ta ƙi, ƙaya ta karɓa. Itatuwa na magana, kuma ba wanda ya ce Yotam ya yi ƙarya. Annabi Natan ma da labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa ya kama Sarki Dawuda. Abin da Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta hana shi ne aikata duba da sihiri da tuntuɓar matattu, ba ambaton su a labari ba.

Duk da haka kada ki raina damuwar mutanen cocinku. Mai karatu a Ingila ko Amurka yana ɗaukar mayya abin cikin littafi. Naki mai karatun ya san gidan boka a unguwarsu, wataƙila ya taɓa ganin an taru a kan wata tsohuwa ana ce mata mayya. Don haka tun kafin babi na farko ki raba abubuwan mamaki na duniyar labarinki gida uku, ki rubuta su a takarda. Akwai wanda halitta ce kawai ta wannan duniyar, kamar kogi mai magana ko tsuntsu mai kai saƙo, wanda ba ya buƙatar bayani. Akwai ikon da mutum ke saye ko ƙwata da dabara domin ya juya wasu, shi ne sihiri, kuma dole ya ci mai shi wani abu da mai karatu zai gani da idonsa. Sai kuma baiwa daga sama, wadda ba a saye, ba a kuma tilasta ta. Labarin Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni sura 8, wanda ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sami ikon Ruhu Mai Tsarki, ya isa ya nuna miki iyakar da ke tsakanin na biyu da na uku. Kada ki rubuta haɗin asiri dalla-dalla yadda wani zai iya kwaikwaya, kada ki ari sunayen iskokin bori. Ki kuma yi hattara da mai da kowace tsohuwa ko kishiyar uwa mayya, domin irin wannan zargi yana raba mutane da gidajensu, wani lokaci har da rayukansu.

Yanzu ga batun wa'azi. Dalilin da ya sa rubutunki ke mutuwa a tsakiya kusan kullum ɗaya ne: kin fara da darasi, sannan kika nemo mutanen da za su ɗauke shi. Mutumin da aka ƙirƙira don ya tabbatar da aya ba ya iya yin abin da zai ba ki mamaki, to ina zai ba mai karatu? C. S. Lewis, wanda ya rubuta littattafan Narniya da suka fito tsakanin 1950 da 1956, ya faɗa da kansa cewa ba da jerin koyarwar Kirista ya fara ba, da hotunan da suka zo masa a zuciya ya fara, bangaskiyar ta shigo daga baya. Ke kuwa aikinki ya ma fi sauƙi, tunda tatsuniyar ta riga ta ba ki hotunan.

Shawarata ki bar na Turawa tukuna, ki ɗauko ta gida. Abubakar Imam ya nuna tun a ƙarshen shekarun 1930, a Magana Jari Ce, cewa ana iya ɗauko labarin Larabawa ko na Jamus a zaunar da shi daram a ƙasar Hausa, amma wannan aiki biyu ne a lokaci ɗaya, kuma mai fara rubutu ya fi ƙarfi a kan abin da ya sha tun yana yaro. Mu gwada da tatsuniyar 'yar mowa da 'yar bora, wadda ake tura yarinya wanki a ruwan Bagaja. Tatsuniyar tana da 'yar'uwa a Faransa, cikin tatsuniyoyin da Charles Perrault ya buga a 1697, inda lu'ulu'u ke zubowa daga bakin yarinya mai ladabi, kwaɗi da macizai daga bakin marar kunya. Wato irin littattafan da kike so, da irin wannan ƙashin aka gina su.

Ki rubuta tatsuniyar a shafi ɗaya tak, yadda aka ba ki ita. Daga nan ki zare ƙasusuwanta, wato abubuwan da in an cire ɗaya labarin ya tashi daga sunansa. A wannan bakwai ne: gida mai mata biyu, ana son ɗaya ana ƙin ɗaya, laifin da aka ɗora wa 'yar bora, korar ta zuwa ruwa mai nisa, gwaje-gwajen hanya da ta ci da ladabi, kyautar ƙwai mai sharaɗi, dawowarta da arziki, sai tafiyar 'yar mowa da mugun sakamakonta. Ki riƙe aƙalla biyar yadda mai karatu zai gane su, ki karya ɗaya ko biyu da gangan. In kin riƙe duka, kwafi kika yi. In kin zubar da yawancinsu, wanda ya sayi littafin don tatsuniyar zai ji an yaudare shi.

Sai ki bi kowane ƙashi da tambayar da tatsuniya ba ta yi: don me? Don me maigidan ya yi shiru? Me uwar 'yar mowa ke tsoro? Wa ya koya wa yarinya ƙarama ɗora laifinta a kan 'yar'uwarta? Amsoshin nan su ne babobinki. Gida mai mowa da bora ma ba sabon abu ba ne gare ki a Nassi: Farawa 29 ta ba ki Lai'atu da Rahila, kuma aya ta 31 ta ce Ubangiji ya ga ba a ƙaunar Lai'atu. Ki karanta surar don ki ga yadda ake nuna ciwon macen da ba a so ba tare da an mai da 'yar'uwarta shaiɗaniya ba.

Ga inda nake so ki daɗe. Tatsuniya a kan sakamako take tafiya: mai ladabi ta samu, marar kunya ta gamu da gamonta, ƙurunƙus. Bishara kuwa a kan alheri take, wato samun abin da ba a cancanta ba. Saboda haka in kin bar ginin tatsuniyar yadda yake, kika ƙara wa 'yar bora addu'a da haddar ayoyi, ba ki rubuta labarin Kirista ba tukuna. Kin rubuta labarin da ke cewa mai kirki yana yin kuɗi, kuma don ki rufe wannan giɓin ne kike tsintar kanki kina wa'azi. Bangaskiyar ta shiga ne a wurin ƙashi na bakwai, wurin 'yar mowa. Me zai faru da wadda ta cancanci hukunci? Wa zai biya mata, kuma me zai rasa?

A yadda aka fi ba da tatsuniyar, da 'yar mowa ta fasa ƙwanta sai ga kutare da makafi da guragu sun fito sun rako ta gida, a matsayin abin kunya. Marubuciya Kirista ba za ta wuce wannan haka nan ba. A Yohanna 9 Yesu ya ƙi yarda cewa makantar mutumin nan hukuncin zunubinsa ne ko na iyayensa, kuma a Luka 14 gajiyayyu da guragu da makafi su ne aka kira zuwa babban biki. To ga littafinki nan a hannu. Idan ayarin da ya fito daga ƙwan su ne mutanen farko da suka ga yarinyar nan yadda take, ba su kuma gudu ba fa? Idan abin da gari ya kira azabarta shi ne hanyar cetonta fa? Kuma yaya 'yar bora, wadda ta yi komai daidai, za ta ji in ta ga an karɓi wadda ta cuce ta? Nan kin taɓo babban wa na misalin ɗa ɓatacce a Luka 15, wanda ya tsaya a waje ya ƙi shiga, ba tare da kin ambaci ayar ba. Lewis ya yi irin wannan juyi a 1956, da ya sake ba da tsohon labarin wata 'yar sarki mai suna Saiki, na marubucin Latin Afuliyas, ta bakin yayarta, wadda a asalin labarin muguwa ce. Ina ganin in 'yar mowa ce ke ba da naki labarin da bakinta, tana kāre kanta, mai karatu kuma yana hango abin da ita ba ta gani, wa'azi ba zai sami wurin zama ba.

Wuraren da irin wannan rubutu ke yawan karyewa guda uku ne. Na farko addu'a: jaruma ta shiga tsaka mai wuya, ta durƙusa, nan take mala'ika ya sauko. Kin mai da addu'a sihiri ke nan, ta ƙofar baya. Ki bar wasu addu'o'in su sami shiru, wasu a amsa su ta hanyar da ba ta so. Na biyu ceton ƙarshe. Marubucin Ingila J. R. R. Tolkien, a maƙalar da ya faɗaɗa daga laccar da ya yi a Jami'ar St Andrews a 1939, ya ce alamar tatsuniya ta gari ita ce juyowar farin ciki kwatsam bayan an fid da rai, ya kuma danganta wannan da tashin Almasihu daga matattu. Gaskiya ne, amma kwatsam ga jaruma, ba ga ginin labari ba. Duk abin da zai cece ta a babi na 22, ki shuka shi sau biyu kafin babi na 10, a inda ba za a lura ba. Na uku tuba a shafi ɗaya. Wadda ta yi shekara goma sha biyar ana koya mata ita ce gaba da kowa ba za ta sauya da kuka ɗaya ba. Ki ba tubarta aƙalla babi huɗu, har da komawa baya sau ɗaya, ta kuma mayar da wani abu da ta ƙwace.

Game da bayyanar Allah a labarin, in duniyar ƙirƙira ce wadda ba Urushalima ba coci, to kada mutanenta su riƙa kawo aya da sura, don ba su da Littafin. Ki bar bangaskiyar ta zama kamar daddawa a miya, a ji ta a kowace loma ba a ga ƙwayarta ba. In kin saka wani wanda ke wakiltar Almasihu, ya bayyana kaɗan, maganarsa gajera, kuma kada ya zama kayan aikin jaruma. Gwaji mai sauƙi: duk inda wani ya yi magana fiye da layi biyar a jere yana bayyana ma'anar abin da ya faru, ki goge, ki sake karanta babin. Sau da yawa za ki ga ba abin da ya ragu.

Ga lissafin aiki. Littafin farko ya tsaya tsakanin kalmomi 40,000 zuwa 50,000, wato babi 24 masu kalmomi kusan 2,000. Babi 6 na gida da kora, 12 na tafiye-tafiyen biyu, 6 na dawowa da abin da ya biyo baya. In kina rubuta kalmomi 500 a rana, cikin kwana 100 kin gama rubutun farko. Kada ki gyara kafin ki kai ƙarshe. Ki ajiye shi wata guda, sannan ki karanta da ƙarfi, domin tatsuniya ta kunne ce, kuma kunne zai kama jimlar da Turanci ke kwance a ƙarƙashinta. Ki riƙe waƙar da yarinya ke rerawa a bakin kowane ruwa, amma ki sauya kalma ɗaya ko biyu a kowane maimaici yadda waƙar za ta nuna sauyin zuciyarta. In za ki kawo aya a farkon littafi, ki tsaya a kan fassara ɗaya, domin Hausar fassarar 1932 ta bambanta da ta waɗanda suka biyo baya.

Tatsuniyar baka ta kowa ce, haka ma na Perrault da na 'yan'uwan nan Grimm da suka fara fitowa a 1812. Amma kalmomin wani marubuci na zamani, da sunaye da waƙoƙin da kamfanonin fim suka ƙara wa tatsuniyoyi, suna da masu su. A dokar Najeriya haƙƙin mallakar littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubucin, don haka ki koma ga bakin tsofaffi, ki ji tatsuniyar daga mutum biyu ko uku, za ki ma tarar kowa da irin tasa.

In kin gama gyara na biyu, ki ba mutum uku su karanta. Fasto ko dattijuwar zumuntar mata ta duba koyarwa. Yarinya 'yar shekara 14 ta sa alama a duk shafin da ta ajiye littafin ta ɗauki waya. Na uku ya zama wanda ba Kirista ba, cikin maƙwabta ko abokan karatu, wanda shi ma da wannan tatsuniyar ya girma. Ki tambaye shi a wane shafi ya fara jin ana yi masa wa'azi, ki fara gyara na uku daga wannan shafin.