Hukuncin Sa Tufafi Masu Alamomin Tsafin Mutanen Arewacin Turai Na Dā

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a ƙasar Norwe. Na sayi rigar sanyi mai hula, a bayanta akwai wani zane mai rassa takwas da baƙaƙen rubutu kewaye da shi, a ƙirji kuma hoton guduma. Sai daga baya na karanta a takardar da ke jikinta cewa zanen yana tsare mutum daga ɓata a hanya. Ni dai kyansa ne ya burge ni, ban yi imani da komai ba. Na sha yin salla da ita, kuma ina so in aika wa yayana irinta ya sayar a shagonsa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ɗana, da ka tsaya ka tambaya kafin ka aika kayan.

Asalin tufafi halal ne, ko wane ne ya ɗinka su. Mugira ɗan Shu'uba ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sa jubba 'yar Sham mai tsukakken hannu a tafiyar Tabuka, alhali Sham tana hannun Rumawa a lokacin. Saboda haka rigar ba ta da laifi don ta fito daga Turai. Maganarmu a kan abin da aka buga mata ne.

Gudumar da ke ƙirjinka ita ce ta Tor, abin bautar tsawa a wurin mutanen Norwe, Suwidin, Denmak da Aislan kafin su shiga Kiristanci. Sukan ƙera ta ƙarama da azurfa ko baƙin ƙarfe su rataya a wuya, kuma masu tonon kayan tarihi sun samo ɗaruruwanta a kaburbura. Malamanmu ma sun ga bautarsu da ido. Ahmad ɗan Fadlan, wanda Halifa Muƙtadir ya tura daga Bagadaza, ya haɗu da fatakensu a bakin kogin Bolga a shekarar 922 Miladiyya. Ya ba da labarin yadda ɗan kasuwa yake kawo gurasa da nama da albasa da madara da giya gaban wani dogon gungume mai fuskar mutum, ya faɗi ya yi masa sujada yana roƙon a kawo masa mai saye. Kada kuma ka ɗauka abin ya mutu. A Aislan an kafa ƙungiyar masu raya wannan addini a 1972, hukuma ta amince da ita a 1973. A Amurka, tun 2013 aka yarda a zana gudumar a kan kabarin tsohon soja a matsayin alamar addininsa, a jeri ɗaya da gicciye da jinjirin wata. Ka ga ke nan masu ita har gobe suna cewa tasu ce.

Zanen bayan rigar shi ne wanda suke kira Vegvisir, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. An same shi a wani kundin sihiri da aka rubuta a Aislan a 1860, ƙarnuka bayan shuɗewar zamanin Vaikin, wato mayaƙan jiragen ruwa na arewacin Turai na dā, tare da bayanin cewa wanda ya riƙe shi ba zai ɓata cikin guguwa ba ko da bai san hanya ba. Hatimi ne sak irin na 'yan tsibbu, sai dai wannan injin ne ya buga shi a kan auduga. Layar da aka rubuta da ayoyin Alƙur'ani zalla, magabata sun yi saɓani a kanta. Wannan kuwa ba ya cikin saɓanin ko kaɗan, domin babu sunan Allah a cikinsa. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Uƙba ɗan Amir cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya rataya tamima, wato laya, ya yi shirka, kuma Allah yana cewa a Suratul An'am, aya ta 17, idan ya shafe ka da wata cuta babu mai yaye ta sai shi.

To, wanda ya sa rigar yana ganin zanen da kansa yana kare shi, ya faɗa babbar shirka, sai ya tuba. Wanda ya ce Allah ne mai karewa amma zanen dalili ne, ya faɗa ƙaramar shirka, don ya ƙirƙiri dalilin da shari'a ba ta sanya ba, hankali ma bai tabbatar ba. Kai ba ka cikin ɗayansu, kuma ina gargaɗin duk mai saurin kafirta matasa a kan riga da ya ji tsoron Allah. Abin da ya wuce cikin rashin sani babu zunubi a kanka. Sallolinka sun inganta, ba sai ka rama ba.

Amma yanzu da ka sani, bai halatta ka ci gaba da sa ta a haka ba. Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) ba ya barin wani abu mai siffar gicciye a gidansa face ya goge shi, Buhari ne ya ruwaito. Babu mai zaton wani a gidan Annabi zai bauta wa zanen da ke jikin mayafi, duk da haka bai bar shi ba. Niyyarka tana ɗauke maka hukuncin shirka, amma ba ta sauya ma'anar alama a idon mai kallo. Kana tafiya a titin Oslo, mai wannan addini ya hango ƙirjinka, me zai ɗauke ka? Ƙaninka na gida kuma ya gani a hoto ya kwaikwaya, wataƙila shi ya karanta takardar ya gaskata.

Kada dai a zarce a haramta komai. Baƙaƙen da suke kira runu asalinsu haruffan rubutu ne, guda 24 a tsohon tsari, 16 a na baya, an rubuta sunaye da bayanan kabari da su, har Kiristoci sun yi amfani da su. Tambarin Bluetooth da ke wayarka haruffa biyu ne daga cikinsu, H da B, farkon suna da laƙabin Sarki Harald Bluetooth na Denmak, kuma babu mai ɗaukarsa tsafi. Haka hoton jirgin ruwa ko saƙar ado ta rigunan ulu. Inda aka jera haruffan aka ce wannan na kawo arziki, wancan nasara, nan ne suka koma laya.

Ba sai ka ƙona rigar ba, ɓarnar dukiya ma abin hani ne. Ka kai wa tela ya farke zanen idan ɗinki ne, ko ya rufe shi da wani ƙyalle idan bugu ne, ka ci gaba da jin ɗuminka. Yayanka kuwa kada ka aika masa, domin sayar da ita yaɗa ta ne, kuma Allah ya hana taimakekeniya a kan zunubi a Suratul Ma'ida, aya ta 2. Masu gwanjo da suka kwance dila suka tarar da irinta, su goge alamar kafin su rataye ta a shago. Wallahu a'alam.