Haihuwar fari a likita: abin da za ku sa wa ido

'Yar'uwa, kin tambayi abin da za ku lura da shi ranar da ƙanwarki za ta haihu a likita nan Maradi. Zubar jini ne abin tsoro, shi ya fi kashe masu haihuwa a duniya. Da jariri ya fito ake yi mata allurar oxytocin, maganin da ke taimakawa wajen hana zubar jinin. Ki tambayi ungozoma ko an yi, wannan ba rashin kunya ba ne.

Kada ku yi saurin komawa gida don wankan jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a zauna aƙalla awa 24 ana duba ta. In zaninta ya jiƙe sharkaf ko jiri ya kama ta, ki kira ma'aikatan likita nan take.

Jariri kuwa a ɗora shi a ƙirjinta, ya sha dakashi cikin awar farko. Cibiya ban da toka.