Koren shayi yana yi mini ɗaci: ganyen ne ko dahuwar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwargida ce daga Ƙofar Kaura a Katsina. Na sayi koren shayi na ganye, wanda ke cikin kwali. Nakan zuba shi a tukunya tare da citta da kanumfari, in bar shi ya tafasa sosai kamar yadda muke yi wa baƙin shayi. Amma ɗacinsa ya yi yawa, ga bauri a baki, wani lokaci ma in na sha da safe sai zuciyata ta riƙa tashi. Ganyen ne ba shi da kyau, ko ni ce ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Da wuya a ce laifin ganyen ne. Tafasawar nan ita ce ke ɓata miki shi, domin koren shayi jiƙa shi ake yi a ruwan zafi bayan an sauke ruwan daga wuta.

Bishiya ɗaya ce ke ba da koren shayi da baƙi, irin wadda ake nomawa a tsaunin Mambila na jihar Taraba. Bambancin yana wajen sarrafawa. Na baƙi akan murje ganyen a bar iska ta yi aiki a kansa har ya rine, kamar yadda goro ke sauya launi in an ɓare shi an ajiye. Na kore kuwa da an tsinko ake ba shi zafi, a Sin a kan kasko, a Jafan da tururi, don a hana shi rinewa. Saboda haka sinadaran da ake kira katekin suna nan a cikinsa da yawa, kuma su ne masu ɗaci da bauri. Tafasasshen ruwa yana zuƙo su gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, tare da kafeyin, su danne ɗan garɗin da ke cikin ganyen, wanda shi ko a ruwa mai matsakaicin zafi fita yake yi.

Zafin da ake so shi ne digiri 70 zuwa 80. Ba sai kin nemi ma'auni ba. Ki tafasa ruwa, ki sauke, ki buɗe murfin ki bar shi kamar minti 5. In kina sauri, ki sirka: kashi uku na tafasasshen ruwa, kashi ɗaya na ruwan sha daga randa, zai sauko wajen digiri 80. Kofi ɗaya mai cin mililita 200 zuwa 250 yana buƙatar giram 2 zuwa 3 na ganye, wato cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ki zuba ruwan a kan ganyen, ki rufe, ki duba agogo. Minti 2 ya isa, kada ya wuce 3. Daga nan ki tace shi duka, kada ki rage ruwa a kan ganyen a cikin buta, domin zai ci gaba da jiƙa, kofi na biyu ya fito da ɗaci. In kin ji bai yi miki ƙarfi ba, ganye za ki ƙara, ba lokaci ba. Nan ne mafi yawan mutane ke kuskure.

Ki duba siffar ganyen naki. Idan an nannaɗe shi ƙulu-ƙulu kamar ƙananan tsakuwa, wanda akan ga lamba 3505 a kwalinsa, to ya fi nauyi, kada ki cika cokalin. Yana da kyau ki fara ɗauraye shi: ki zuba ɗan ruwan zafi, ki jujjuya na daƙiƙa 10, ki zubar. Wannan zai kawar da ƙura ya kuma sa ganyen ya fara buɗewa. Ganye mai kyau yana ba da jiƙo biyu ko uku a zama ɗaya, a ƙara rabin minti a kowane zagaye. Na ƙulli mai zare kuwa gari ne, minti 1 zuwa 2 ya ishe shi, kuma kada a matse shi da cokali.

Citta da kanumfari ba sai kin bar su ba. Su suna son tafasa, shayin ne ba ya so. Ki dafa su su kaɗai na minti 5 zuwa 10, ki sauke, ruwan ya huce, sannan ki sa ganyen. Na'a-na'a tare da ganyen ake sa ta. Lemun tsami da zuma sai an tace. Madara dai ba ta dace da shi ba, kashe ƙamshin take yi.

Za ki iya cewa ai Buzaye da mutanen Maraɗi a kan gawayi suke dafa wannan ganyen, har zagaye uku. Haka ne, kuma ba kuskure suke yi ba. Ataya, wato irin wannan dahuwar tasu, da gangan ake yin ta da ƙarfi, a loda mata sukari, a yi ta ɗurawa daga sama har ta yi kumfa, a sha a 'yan ƙananan kofunan gilashi. Ke kuma kina cika babban kofi da abin da su suke kurɓa kaɗan-kaɗan.

Tashin zuciyar da kike ji daga nan yake: shayi mai ƙarfi a cikin da babu komai. Ki fara karya kumallo. Sai dai kuma kada ki sha shi tare da abinci, domin yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganyayyaki. Ki ba da tazarar awa ɗaya, musamman in akwai ƙarancin jini. Mai juna biyu ta taƙaita. Shawarar da likitoci suka fi bayarwa ita ce kada kafeyin ya wuce miligiram 200 a rana daga duk abin da ta sha, kuma kofin koren shayi yana ɗauke da kimanin 30 zuwa 40. A kuma riƙa karanta jikin kwali: wasu da ake tallatawa da sunan shayin rage ƙiba akwai filasko a ciki, gudawa kawai yake sa wa.

Idan kin kiyaye duk wannan amma kika ga wani yauƙi-yauƙi yana yawo a saman kofi, launin ya dushe, to ruwan ne. Wasu rijiyoyin burtsatse ruwansu yana da gishirin ƙasa da yawa. Ki gwada da ruwan leda ki gani. Shi kansa ganyen ba ya jure zafin bazararmu a buɗaɗɗen kwali. Ki juye shi a gwangwani mai murfi, nesa da murhu da rana, kuma nesa da daddawa da yaji, don yana zuƙar wari. Ki riƙa sayen wanda za ki shanye cikin wata biyu ko uku.

Kada ki ɗura haɗaɗɗen shayin a filas ya wuni, zai koma ja ya yi tsami-tsami. Ruwan zafin za ki ajiye a filas, ki riƙa haɗa kofi ɗaya duk lokacin da kike so. A watan Afrilu da Mayu kuma, in akwai wuta, ki sa babban cokali ɗaya na ganye a lita ɗaya ta ruwan sanyi, ki rufe a firji awa 6 zuwa 8, ki tace, ki shanye a ranar. Wannan kusan babu ɗaci ko kaɗan.