Amsa: Canza tagogi zai rage kuɗin wutar na'urar sanyaya ɗaki?

Malam, ka tambaya ko gilashi mai ruɓi biyu zai rage maka kuɗin wuta a gidanka na Ƙofar Ƙaura. Zai rage, amma kada ka fara da shi.

A Katsina, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yawancinsa ta rufin kwano yake sauka. Taɓa silin da azahar ka ji. Gyara can tukuna.

Tagogi kuwa, ta yamma ce mai laifi. Ranar la'asar na ratsa gilashi ta gasa tayil da kujeru, su yi ta fitar da ɗumi har bayan isha'i. Labule ba ya hanawa sosai, don zafin ya riga ya shigo. Tare ranar daga waje: rumfa, asabari, ko darbejiya idan akwai fili.

In ka dage sai ka canza, nemi gilashi mai shafin da ke mayar da zafi, kuma ka tsaya kan mai haɗawa ya toshe gefuna da roba, domin kada iska mai zafi ta riƙa shigowa. Amma ka sani firam ɗin alminiyam kansa yana ɗaukar zafi. Tagar turawa gefe rabi kawai take buɗewa. Ranar da aka ɗauke wuta za ka fi son mai buɗewa gaba ɗaya.